Nasani da Rundunar Ƙwarin Rake

Ba uwarsa ce ta raɗa masa suna Nasani ba, bakinsa ne ya jawo masa. Direban a-kori-kura ne mai jigilar rake daga gonaki zuwa kasuwa, amma in ka ji shi yana zuba sai ka rantse tuƙin nan taimakon jama'a kawai yake yi kafin a kira shi babban aiki. Ba a taɓa gama gaya masa magana ba. Kana buɗe baki zai ɗaga hannu ya ce, "Ai na sani." Ranar da aka zo yi masa albishir matarsa ta haihu ma cewa ya yi ai ya sani, sannan ya tambaya mace ce ko namiji.

A shekarar da wannan abu ya faru, ciwo ya shiga rake. Ganye ya riƙa yin fari fat kamar an wanke shi da bilic, sandar ta tsumbure ta koma kamar ciyawa, ka tsotsa ka ji salam. Gona ɗaya ce tak ta tsira, ta surukin Nasani, wani dattijo mai tsadar magana da kowa ke kira Baba, don tana can gefe ita kaɗai a tsallaken rafi. Manoma suka yanke shawara daga gonar Baba kowa zai samu irin da zai shuka baɗi. Aka riƙa lallaɓa gonar nan kamar ƙwai.

Sai aka kira taro a wani ajin makaranta, Malamar gona za ta yi bayani. Nasani ne ya kwaso bencina a motarsa. Bai shiga ba, ya ce zaman aji na masu neman sani ne. Ya tsaya a waje ya buɗe bakin mota yana ɗaure wayar batir, muryar Malama tana fitowa ta taga gutsure-gutsure. Ya ji ta ce waɗansu ƙananan ƙwari masu tsalle ne ke tsotsar raken da ya kamu su kai ciwon ga mai lafiya. Ya ji ta ce akwai fumfuna mai kashe su, a kan dafaffiyar shinkafa ake renonta, in ta kama ƙwaro ɗaya sai ya shafa wa 'yan'uwansa. Daidai nan waya ta yi tartsatsi ta lashe masa ɗan yatsa, ya shiga tsalle yana yarfe hannu. Saboda haka bai ji inda ta ce ba kowace fumfuna ba ce, iri ne na musamman daga ɗakin bincike, kuma ita da kanta za ta kawo shi ta nuna yadda ake fesawa a gonar Baba.

Daga nan rumfar maƙwabcinsa Mai Faci ya zarce, ya same shi ya tsoma tayar babur cikin ruwa yana neman inda ta huje.

"Mutumina, fumfuna!"

Mai Faci ya ɗago. "A ina? A jikinka?"

"Maganin ciwon rake. Abin da matar nan ta tara mutane tana ta jan magana a kai, ni na daɗe da saninsa, lokaci ne ban samu ba. Kafin ta gama cike-ciken ofis na gama da ƙwarin nan kaf. Ranar Baba da kansa zai miƙe tsaye ya ba ni kujera."

"Baban da ko gaisuwarka da hanci yake amsawa?"

"Kwarjinina ne ke hana shi sakewa. Ba ni tsohon takalmin can."

"Me za ka yi da shi?"

"Dubi cikinsa. Ka shekara kana zaune kusa da magani ba ka sani ba."

Haka ya bi unguwa yana tara fumfuna. Ya kankaro ta jikin tsohon burodi, ta ruɓaɓɓen lemo, ta takalmin Mai Faci, ta bangon banɗaki. Har muƙamai ya raba musu. Koriyar ya ce ƙananan sojoji ne, baƙar manyan hafsoshi, farar mai gashi-gashi kuwa da ya samo a ƙarƙashin kujerar motarsa ya ce wannan ita ce kwamanda, ba a haɗa ta da kowa.

Matarsa tela ce, kekenta na ɗakin da ke kusa da ƙofar gida. Ta fita sayen zare da zif, ta dawo ta tarar da duk tukwanenta a kan wuta, buhun shinkafar da Baba ya aiko musu ya kwanta a ƙasa ba komai ciki. Nasani na tsugune yana juye dafaffiyar shinkafa cikin bokitai, yana barbaɗa abin da ya kankaro.

"Baban yara, baƙi za mu yi?"

"Ba baƙi ba ne, Maman yara. Ma'aikata ne."

"Su waye?"

Ya nuna mata ƙurar cikin takalmi. Ta dube shi, ta dubi buhun, ta sake dubansa.

"Shinkafar da za mu ci ka dafa wa takalmi?"

"Ke matsalarki kenan, cikinki kawai kike tunani. Ni gonar mahaifinki nake ceto."

"Gonar mahaifina lafiyarta ƙalau."

"To ai shi ya sa. Ceto tun ana lafiya ya fi sauƙi."

Ya ce fumfuna na son wuri mai ɗumi marar rana, ya duba duk gidan bai ga inda ya fi ƙarƙashin teburin ɗinkinta ba. Nan ya jera bokitan, ya lulluɓe su da ragowar yadudduka. Ba a jima ba ɗakin ya fara wani irin tsami mai hawa kai. Wata mata ta zo karɓar rigarta, ta ɗaga ta shinshina, ta ce ita dai ta kawo yadi ne a ɗinka mata, ba ta ce a jiƙa shi da ruwan kwata ba. Tela ta bi ta har ƙofa tana ba ta haƙuri. Nasani ya leƙo ya ce wa matar ta gode wa Allah, wannan rigar ba ƙwaron da zai ƙara kusantar ta. Matar ta ce ba ƙwaro kaɗai ba, har mutane.

Shinkafa ta yi gashi kala-kala, saura waɗanda za a shafa wa. A nan ne Nasani ya yi tunanin da ya ce ko Malama bai zo mata ba. Me zai sa a bi gona ana feshi ganye-ganye? Ai sai a kamo ƙwarin, a ɗura musu ciwon a gida, a sake su su je su shafa wa danginsu. Su kai saƙon da ƙafarsu.

Ya ɗauki gidan sauron da suke kwana ciki ya shiga gonakin da suka fi lalacewa yana kaɗa ganye yana tarewa. Masu gonakin da farko sun ɗauka taɓuwa ya yi. Da suka gane ƙwari yake kwashe musu kyauta, sai suka shiga layi.

"Nasani, nawa sun fi ƙiba, biyo ta nan!"

"Nasani, in ka gama akwai ɓeraye a rumbuna, ko ba ka karɓarsu?"

Shi kuwa sai ƙara buɗa kafaɗa yake, yana cewa ga shi tun ba a je ko'ina ba jama'a sun fara gane shi.

Ya kafa gidan sauron a bayan motarsa, ya ɗaure saman a jikin ƙarafa, ya cusa gefen a ƙarƙashin tabarma. Ya zuba musu ɗanyen rake mai ganye don kada yunwa ta kashe su kafin maganinsa ya kashe su, kada a rasa wanda za a yaba wa. Kullum sai ya ɗaga gefe ya watsa musu shinkafa mai gashi. Iyalin kuma suka koma kwana a fili. Da safe kowa ya tashi fuska duk ƙuraje, Tela na soshe-soshe tana harararsa.

"Ƙwarin gona suna cikin gidan sauro, 'ya'yanka suna waje sauro na cin su. Baban yara, wannan a wace makaranta aka koya maka?"

"Haƙuri za ki yi. Matar babban mutum sai da juriya."

"In na ga babban mutumin zan gaya wa matarsa."

Ƙwari dai suka samu wurin zama. Ga abinci, ga inuwa, ba tsuntsu ba gizo-gizo. Suka yi ɓul-ɓul, suka fara 'ya'ya. Mai Faci ya zo ya manna ido a jikin ragar ya daɗe yana kallo.

"Mutumina, waɗannan ai ƙiba suke yi."

"Kumburi ne. Ciwon ya kama su."

"To waɗannan ƙananan fa? Da babu su."

"Alamar mutuwa kenan. Duk abin da ya ji ajali ya matso sai ya yi sauri ya bar magaji."

Rannan kuwa sai ga gawar ƙwaro guda. Nasani ya tsince ta, ya sa a kwalin ashana, ya bi rumfuna yana buɗewa a hankali kamar mai nuna zinariya. Mai Faci ya karɓa ya juya ta da tsinke.

"Ya aka yi ta baje haka kamar an bi ta da dutsen guga? A ina ka same ta?"

"A bayan wandona."

"To ai zama ka yi a kanta."

"Da lafiyarta ƙalau ai da ta kauce. Me ya hana ta kaucewa? Magani!"

Da kwalin ashanar ya tafi wurin Baba. Ya tsuguna nesa kaɗan, ya gaishe shi, ya kwararo bayani tun daga koriya har kwamanda, ya ƙare da cewa so yake ya saki rundunarsa a gonar Baba don ta zama katanga, duk ƙwaron da ya shigo ya tarar da ciwo na jiransa. Baba yana fiƙe wata sanda da wuƙa, bai ɗago ba har aka gama. Sannan ya ce, "A'a."

"Baba, ban gama ba ai..."

"A'a."

A hanyar dawowa Nasani ya gaya wa Mai Faci an daidaita. "Ka san manya, ba sa amsawa da farko. Kunya ce. Ba ya son a ce ya ɗora wa mijin 'yarsa nauyi."

Ranar da Malama za ta zo, tun da hantsi manoma suka taru a bakin gonar Baba. Rake ya yi kore shar, iska na kaɗa shi. Ana jiran Malama sai aka ji ƙugin a-kori-kura tana tsallako rafi, gidan sauro na rangaji a baya, bokitai na karo da juna. Nasani ya faka dab da layin farko na rake, ya fito cikin farar riga doguwa irin ta masu sayar da magani, wadda ya sa Tela ta ɗinka masa da tsohon zanen gado. Can baya kuma ga Telar da kanta tafe a ƙasa, ta rantse yau sai ta koma gida da gidan sauronta.

Ya hau bayan mota ya yi gyaran murya.

"Jama'a, ku kwantar da hankalinku. Wadda kuke jira za ta zo ta tarar an gama. Abin da za ku gani yau ku riƙe shi da kyau, jikokinku za su tambaye ku."

Baba ya taso da sandarsa. "Kai, me ke cikin ragar nan?"

"Marasa lafiya ne, Baba. Allurar ƙarshe zan yi musu in sallame su."

Kafin Baba ya ƙaraso Nasani ya riga ya goya famfon feshin da ya aro, wanda ya ɗura wa damammiyar shinkafar nan har wuya. Ya ɗaga gefen raga ya sulale ciki ya mayar ya danne. Ƙwari suka tashi suka ba shi wuri. Ya saita bakin famfo, ya fara buga hannun.

Ba abin da ya fito.

Ya ƙara bugawa. Shiru. Shinkafa ta toshe bututun tun daga tushe.

"Nasani, ko maganin ma ya kamu da ciwon ne?" in ji wani daga cikin taro.

"Ƙarfi yake tarawa!"

Ya dage yana bugawa da hannu biyu, gumi na zuba, tankin da ke bayansa ya fara kumbura yana wani kuka siriri. Mai Faci, wanda ya san kukan abin da iska ta yi wa yawa, ya ja da baya ya toshe kunnuwa.

"Mutumina, bar bugawa!"

"Ai na..."

Fam! Murfin tanki ya yi sama ya daki rufin raga ya dawo masa a ƙeya. Ruɓaɓɓiyar shinkafa ta yi tsiri ta sauko masa tun daga kai har dunduniya, kore da baƙi da fari, ƙananan sojoji da hafsoshi da kwamanda gaba ɗaya. Wari ya bugi taro, mutane suka dare suna toshe hanci. Ƙwarin da suka firgita suka tashi kamar hayaƙi, suka rasa inda za su, suka sauka a kan abu mafi danƙo a wurin. Kafin ka ce me, farar rigar ta koma mai motsi.

"Wayyo! Suna shiga kunnena! Ku buɗe!"

Ya rarrafo zai ɗaga gefen raga. Daidai lokacin babur ɗin Malama ya tsaya. Ta cire hular kwano, ta matso, ta kalli abin da ke manne a jikin ragar ta ciki, sai idonta ya fito.

"Daga ina aka kwaso waɗannan?"

"Daga gonakinmu, Malama," in ji masu gonakin da suka lalace, har suna rige-rigen amsawa.

"Innalillahi! Kowane ɗaya ciwo ne a bakinsa. In suka shiga gonar nan ba mai shuka rake baɗi. Kada a buɗe! Ku danne gefen!"

Ba a taɓa ganin Baba ya yi gudu ba sai ranar. Ya faɗa kan gefen tabarma ya danne da gwiwoyi biyu. Manoma suka kewaye motar kowa ya kama inda hannunsa ya kai.

"Baba, ni ne fa a ciki!"

"Na gan ka."

"Malama, ai sun sha magani, mutuwa za su yi!"

Malama ta leƙa bokiti ɗaya ta kau da kai da sauri. "Wannan ba maganin komai ba ne, bawan Allah, shinkafa ce ka ɓata. Wanda na kawo ne ke kashe su, shi ma ba nan take ba, sai ya yi kwanaki yana cin jikinsu."

Baba ya ce, "To a fesa, a bar shi a ciki har su mutu. Za mu riƙa miƙa masa ruwa."

"Maman yara! Ki yi magana mana!"

Tela ta matso. Ta buɗe jakarta ta zaro babbar allura da zare mai kauri. Nasani ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka farke ragar za ta yi. Sai ya ga ta durƙusa ta fara ɗinke gefen ragar da tabarma, ɗinki ƙanana-ƙanana masu kyau, irin wanda take yi wa masu biya da kyau.

"Me kike yi haka?"

"Gonar mahaifina nake ceto, Baban yara. Janye yatsanka kar in haɗa da shi."

Malama ta ce a yi nesa da motar daga duk wata gona, a sami inda za a jiƙa ragar sharkaf da ruwan sabulu kafin a buɗe. Aka rasa wuri sai wajen wankin motoci da ke tsakiyar kasuwa. Aka rasa direba kuma, don direban na cikin raga. Mai Faci ya ce shi fa iyakarsa taya, amma zai gwada. Malama ta bar wasu manoma suna fesa maganin gaskiya a layukan bakin gona, ta hau babur ta bi su, Baba a bayanta.

Tafiyar nan ba a manta da ita ba. Mai Faci bai san giya ta biyu ba, ya tafi a ta ɗaya, mota na kuka tana zabura. Duk ramin da ya faɗa sai Nasani ya yi sama ya dawo cikin shinkafa. Ƙudaje suka biyo wari, kaji suka biyo abin da ke ɗiga, mutane suka biyo kaji. Masu shaguna suka fito bakin ƙofa.

"Me aka kamo?"

"Dodon rake ne!"

"Kai, ba Nasani ba ne? Nasani, ina zuwa haka?"

Daga cikin raga, yana tofar da ƙwari, ya ce, "Gwaji ne! Mataki na biyu!"

A wajen wankin motoci masu wankin suka ce su ba su taɓa wanke irin wannan ba, amma suka saita bututu. Aka kwarara masa kumfa har ya ɓace, sai tari da atishawa kawai ake ji. Aka ɗauraye, aka sake kwararawa. Sai da Malama ta zagaya ta ga ba abin da ke motsi a jikin ragar sannan ta ce a buɗe. Tela ta warware ɗinkinta a tsanake, tana naɗe zaren don kada ya lalace.

Nasani ya sauko yana ɗigar ruwa, rigar ta manne masa, ƙwayar shinkafa a gira. Ya dubi taron da ya cika wurin, ya gyara tsayuwa.

"To, kun dai gani da idonku. Duka sun mutu. Wa ya tara su wuri ɗaya? In ba don ni ba..."

Bai ƙarasa ba. Wani ƙwaro guda da ya ɓuya a cikin kunnensa ya fito, ya karkaɗe fiffike, ya taka a hankali ya tsaya a tsakiyar kuncinsa.

Kowa ya zuba wa ƙwaron ido.

Malama ta yi ƙasa da murya. "Kada ya tashi. Ko ɗaya ne ya isa."

Baba ya miƙa wa na kusa da shi sandarsa. Ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya matso, fuskarsa ɗauke da wani annuri da 'yarsa ma ba ta taɓa gani ba.

"Tsaya cak, ɗana. Kada ka motsa. Don amfanin jama'a ne."

Tas! Ƙarar sai da ta tashi tantabarun kan rufin kasuwa. Nasani ya yi juyi ɗaya ya zauna cikin kumfa, dafe da kunci. Baba ya duba tafin hannunsa, ya nuna wa Malama gawar, ta gyaɗa kai.

Tela ta sunkuyo ta leƙa ɗaya gefen fuskar mijinta, ta daɗe tana dubawa.

"Baba," ta ce, "kamar na ga wani a wannan kuncin ma."